Direban Motar Janwe

Har yau idan ƙamshin masara a kan garwashi ya buge ni, ba gona nake tunawa ba, mota nake tunawa. Wata 'yar motar janwe ce, ja da rawaya, tsawonta bai fi tafin hannun babba ba, irin wadda ake haɗawa da ƙananan bulolin roba masu 'yan ƙuraje a ka, ka danna wannan a kan wancan ya kama ƙam. A gidanmu na Funtuwa ita ce dukiyar mu uku, Yaya Kabiru da ni da ƙanwarmu Rabi. Amma ba a ɗakinmu take kwana ba. A ɗakin Iya take, kakarmu ta wajen uba, cikin wata tsohuwar langa, kuma ba mai taɓa langar nan sai an idar da sallar magariba.

Babanmu direban babbar mota ne, yana kai auduga da hatsi Kudu. Ina shekara shida motarsa ta faɗa ƙarƙashin wata gada a hanyar dawowa, can aka yi masa sutura. Abin da ya iso gida jakarsa ce kawai. Wani abokin aikinsa ne ya kawo, aka wuce da ita ɗakin Iya don ita ce babba. Bayan sadakar bakwai ta kira mu, ta zazzage bulolin nan a kan tabarma, ta ce, "Ga tsarabarku." Kwalin ya sha man gas, takardar da ke nuna yadda ake haɗawa ta manne wuri ɗaya, hoton da ke jikin kwalin ne kawai ya ɗan tsira, shi ma rabinsa.

Iya ba ta yi kuka ba, ko dai ban gani ba. Baba ɗanta ne na fari, kuma a tarbiyyarsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Idan ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Na san da wannan kunyar, kowane yaro ya san ta, amma na ɗauka mutuwa tana ɗage ta. Da na ga Umma ta rame har zobenta yana faɗuwa, ita kuwa Iya kwana takwas kacal ta koma tuyar ƙuli-ƙulinta, sai na ƙullace ta a raina. Na daɗe ina ganin tsohuwar nan ba ta son ubana. Ni kuwa tana sona, wannan ba ko shakka. Sunan mijinta aka sa mini, saboda haka "Maigida" take kirana, kullum da tsiyar da za ta yi mini, wai ta auri mijin da ko itace bai taɓa kawo mata ba.

Idan ta gama tuya da yamma garwashi yakan rage a murhu, sai ta jera masara ko ta binne dankali a toka. Mu kuma mu ɗauko langa. Dokarta ita ce ba tatsuniya sai an haɗa mota, idan an gama kuma a wargaza ta a mayar. Tun da ba takarda, motar ba ta taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu ba. Yau ƙugiya tana baya, gobe Yaya Kabiru ya rantse a gaba take, jibi fitila ta koma kan rufi. Mu yi ta musu, Iya tana juya masara tana cewa in dai ƙafa huɗu ta taɓa ƙasa mota ce. Sai ta goge hannu a zane, ta gyara zama.

"Ku matsa, ga mota nan tafe."

"Ta tsaya mu hau!"

Wai a wata tasha akwai wata mota sunanta Janwe. Ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar kaya. Aikinta ɗaya ne, idan wata mota ta mutu a hanya ita ke zuwa ta maƙala mata ƙugiya ta jawo ta gida. Abin da ya dami 'yan tasha shi ne ba ta da direba. Da la'asar sakaliya sai ta tashi da kanta, ta kunna fitila, ta fice ba sallama. Ta jawo motar 'yan albasa da ta kafe a laka, ta jawo motar fatake da tayarta ta fashe a dokar daji. Duk wanda ta taimaka sai ya leƙa ta taga don ya yi godiya, ya ga kujera wayam. Ya ce, "Janwe, ina direbanki?" Ita kuma ta ce, "Ya sauka shan ruwa."

Sarkin tasha ya ce wannan abin kunya ne, dole a sama mata direba. Aka kawo kura, ta hau, kwanar farko ta wuntsilo ta taga. Aka kawo bunsuru, kafin a ce haka ya cinye sitiyari. Biri ya fi su iya tuƙi, amma shi ma kujerar ta ƙi riƙe shi. A nan muke taya Iya aiki, don kujerar motarmu tana da 'yan ƙuraje biyu a tsakiya, ba abin da ke zama a kanta. Mu ɗora gyaɗa a ce kura ce, a tura mota, gyaɗa ta gangaro. Mu ɗora ƙwallon dabino. Wata rana Yaya Kabiru ya kamo buzuzu ya cusa, Rabi ta kurma ihu, Iya ta yi dariya har da tari.

Amma akwai mota ɗaya da Janwe take nema, wata koriya babba da ta tafi ba ta dawo ba. Duk wanda ta gamu da shi sai ta tambaya ko ya ga wucewarta. Haka za ta yi ta tafiya har ta isa wata gada, ta tsaya, ta saki ƙugiya cikin ruwa. Ta jawo tsohon takalmi. Ta sake saki, ta jawo kwaɗo yana zaginta. A nan muryar Iya takan yi ƙasa, ta daina juya masara.

"Sai ta sake saki. Sai ta ji ƙugiya ta kama wani abu mai nauyi. Ta ja. Ta ja. Ta ja..."

Daidai nan ladanin unguwa zai kira isha'i. Iya ta tafa hannu ta ce, "Mai ya ƙare, kowa ya sauka." Mu yi magiya, mu yi alkawarin shara, a banza. Shekara da shekaru muna jin tatsuniyar nan, kura ta zama jaki, albasa ta zama barkono, amma ba ta taɓa wuce gadar nan ba. Idan na tambaye ta me tatsuniyar take nufi, sai ta ce tana nufin yaron da bai wanke ƙafa ba ba zai hau mata gado ba. Washegari kuma ta ce tana nufin a daina satar ƙuli a faranti. Na girma da tatsuniyar da ban san ƙarshenta ba, ban kuma san darasinta ba.

Sau ɗaya kawai na ga ran Iya ya ɓaci a wajen. Rabi ce ta tura motar, ta ɗaga mata hannu yadda ta ga manya suna yi, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Iya ta daka mata tsawa, "Wa ya aike ki?" Ta kwashe bulolin ta rufe langa, ranar ba a yi tatsuniya ba. Muka kalli juna. Yaya Kabiru ya ce wataƙila masara ce ta ƙona mata yatsa, muka tafi a kan haka.

Za ka ce yaron da ubansa ya mutu a gada ai shi zai fara ganewa. Da na yi hankali abin ya sha faɗo mini a rai, amma sai in tuna matar da ta koma tuya bayan kwana takwas, sai in ga abin bai haɗu ba. Ga shi kuma a tunanina motar Baba shuɗiya ce, ba koriya ba.

Shekaru suka wuce, bulolin suka bi rariya ɗaya bayan ɗaya, na yi karatu, na yi koyarwa, har Allah ya sa na samu gurbin ƙaro ilimi a Doha, kan yadda ake tace ruwan teku ya zama na sha. Ana gobe zan tafi na shiga ɗakin Iya na durƙusa. Ta tsufa sosai, amma bakin yana nan. Na gaya mata, na ce na zo ta sa mini albarka. Ta dube ni ta ce, "Kai ma?" Sai ta juya ta ci gaba da tsince gyaɗa. Na jira. Ina durƙushe a kan siminti na sake cewa, "Iya, gobe da asuba ne." Ba tsiya, ba Maigida, ba komai. Can ta ce, "In ka fita ka ja mini ƙofa, kaji za su shigo."

Da wannan na hau jirgi. Wanda bai tashi a hannun kaka ba ba zai san nauyin abin ba. Umma ta yi mini addu'a, kawunnaina sun yi, har maƙwabta sun yi, amma wadda nake jira ta ce a ja mata ƙofa. Duk abin da ya same ni a Doha, ko mura ce, sai in ce ko shi ne. Idan na kira gida aka miƙa mata waya sai ta ce ita ba ta magana da ƙarfe. Na sa a raina hutun farko zan je in durƙusa har sai ta furta. Kafin hutun ya zo annobar korona ta rufe duniya.

Ina zaune a unguwar Mansura a lokacin, ɗaki ɗaya cikin wani gida da muke haya mu biyar, kowa da ƙasarsa. Aka rufe makaranta, aka rufe masallatai, ladani yana kira yana cewa a yi salla a gida. Unguwar da ko tsakar rana sai ka goga kafaɗa da mutane ta koma shiru, sai baburan masu kai abinci. Zaman ɗaki ya sa na zama ɗan kallon waya. Wata rana ina duba wani dandali da masu barin ƙasar suke tallar tsofaffin kayansu, tsakanin wata tukunyar lantarki da keken yara, sai na ga rabin hoton da na sani, amma wannan karon cikakke. Janwe ce, ja da rawaya, a kwalinta. Na tashi zaune har na buge kaina da katakon gadon sama.

Mai tallar wani dattijo ne a unguwar Ain Khaled, aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya ce ta ɗansa ce tun yana yaro, ɗan yanzu har ya haihu. Na je da takunkumi a fuska. Ya ajiye kwalin a bakin ƙofa ya ja baya, muka gaisa daga nesa da hannu a ƙirji. Ya tambaye ni shekarar yarona nawa. Na ce shida, don kunya ta hana ni cewa ni ne yaron.

Na goge kwalin da man kashe ƙwayoyin cuta, na baje bulolin a kan darduma. Ƙarar da suka yi ita ce dai ta langar Iya, sai da na ɗan dakata. Wannan karon akwai takarda, shafi bayan shafi, na bi ta kamar ɗalibin kirki. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne motar da ta fito ba tamu ba ce. Ta fi tamu kyau, ta fi ta tsari, ƙugiya a baya, ashe abin da muke sawa a matsayin fitila ma murfin tanki ne. Na zauna ina kallonta kamar baƙuwa. Sai na buɗe shafin ƙarshe, na ga an zana wani ɗan mutum mai shuɗiyar hula, da kibiya tana nuna a zaunar da shi a kujera. Na girgiza kwalin, ya faɗo. Yana murmushi, a bayan ƙafafunsa akwai 'yan ramuka. Na danna shi a kan ƙurajen nan biyu da suka kayar da kura da biri, ya zauna daram.

Ashe motar da direbanta take zuwa. To namu ina ya tafi?

Na kira Yaya Kabiru. Ya ce, "Direba? Akwai mana, Rabi ce ta haɗiye shi tana ƙarama." Na ce in haka ne me ya sa muke ɗora gyaɗa tun ranar farko? Sai ya ce to wataƙila ba janwe ba ce ma, shi motar kashe gobara yake tunawa. Na tambaye shi launin motar Baba, ya ce koriya, har da rantsuwa. Na kira Rabi a gidan mijinta, ta ce ita ba ta taɓa haɗiye kowa ba, kuma a tatsuniyar da ta sani Janwe ta samo koriyar motar, an yi ta murna. Na ce yaushe? Ta ce, "Ko dai mafarki na yi?" Mu uku muka zauna a tabarma ɗaya, a gaban murhu ɗaya, ga shi kowa da abin da ya taso da shi. Na fara shakkar kaina, ko ni ne na ƙirƙiri rabin yarintata a cikin ɗakin nan na Mansura.

Umma ce ta rage. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wannan ba maganata ba ce." Na roƙe ta ta kunna hoto ta kai wa Iya wayar, ko ba za ta yi magana ba. Na ga silin, na ga labule, sannan na ga Iya a kwance, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na ce, "Iya, Maigida ne." Na ɗaga motar da direban a ciki, na matso da ita. Ta ƙura ido, ta daɗe. Na ga hannunta ya tafi haɓar zaninta ya damƙe. Sai ta juya fuska bango ta ce wa Umma, "Ɗauke, idona yana ciwo."

Wata huɗu bayan nan ta rasu. Babu halin tafiya, in ma na fita ba tabbas a bar ni in dawo. Na karɓi gaisuwa ta waya, abokan hayana suka tsaya a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini ta'aziyya da harsuna huɗu. Na yi kuka, kuma ba zan ɓoye ba, har da haushi a cikin kukan. Ta tafi da ƙarshen tatsuniya, ta tafi da albarkar da na durƙusa nema. Na ɗora motar a kan taga, wani lokaci in ji kamar in jefar da ita, wani lokaci in wargaza ta in haɗa ta yadda muke yi da, ƙugiya a gaba, amma hannuna ya riga ya koyi ta takarda.

Ko da hanya ta buɗe ban je gida ba. Na ce aiki ne ya riƙe ni, amma gaskiya ɗakin Iya nake tsoro.

Sai ga gasar kofin duniya. Garin ya cika ya batse, jirgin ƙasa na Mansura da na saba shiga ni kaɗai ya koma sai ka yi da gaske, tutoci ko'ina, masu nuna hanya suna ta "yalla, yalla" da lasifika, wato a yi sauri. Ƙasarmu ko zuwa ba ta samu yi ba, amma Yaya Kabiru ya zo, don shi a kan ƙwallo ba ya jin kira. Ya iso ɗakina da rigar wata ƙasa da ko sunan babban birninta bai sani ba, ya sauke mini kilishi da yaji da daddawa. Yana cikin ba ni labarin layin filin jirgi idonsa ya faɗa kan taga.

"Kai, ashe janwe ce!" Ya ɗauke ta yana juyawa. Sai ya dafe goshi. "Af, na kusa mantawa. Umma ta ce hannu da hannu."

Ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihun jaka, yankin atamfa ne da ya koɗe. Na gane zanin. Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa haƙori. A ciki ɗan mutum ne mai shuɗiyar hula. Hular ta dushe, fuskar kuwa babu ita, ba ido ba murmushi, ta goge ta yi sumul kamar ƙwayar carbin da ta daɗe a hannu. Yaya Kabiru ya zauna a bakin gado, ya ce shi wallahi ya ɗauka laya ce.

Muka kira Umma, muka ajiye wayar a tsakaninmu. Ta ce ranar da aka kawo jakar tana ɗakin. Iya ta buɗe kwalin, ta ga ɗan direban, ta ɗauke shi ta ƙulle a haɓar zani, ta ce wannan kam ba zai hau hanya ba. Tun daga ranar duk zanin da za ta ɗaura sai ta mayar da shi can.

"Ku kuna ganin ba ta yi kuka ba," in ji Umma. "Ina za ta yi shi? Ɗan fari ne, a ce ba ta da kunya? Ni nake jin ta idan ta shiga bayan gida da buta."

Na ce, "Umma, ni fa? Me na yi mata?"

Umma ta yi ajiyar zuciya. Ta ce duk tafiye-tafiyen Baba, Iya ba ta taɓa yi masa sallama ba, idan ya zo durƙusawa sai ta kau da kai, yadda aka saba. A tafiyar ƙarshe ne, ba wanda ya san dalili, ta biyo shi har zaure, ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, da bakinta, a gaban mutane. Shi kansa sai da ya waiwayo don mamaki. "Ta san Allah ne mai yi, ba bakinta ba. Ta sha faɗa mini ta sani. Amma daga ranar ba ta sake gaya wa kowa ba. Ranar da ka tafi, da ka ja ƙofar nan, ba ta ci abinci ba sai da ka kira ka ce ka sauka."

Ana saura kwana biyu ta rasu, in ji Umma, ta kwance ƙullin da kanta ta ce, "A kai wa Maigida. Tun da ya samo mota, a ba shi direbansa. Na riƙe ya isa."

Muka zauna, ni da Yaya Kabiru, manya biyu da furfura ta fara fito musu, muna kallon ɗan roba. A titi wasu suna busa ƙaho, an ci wata ƙasa. Ya ce in cire sabon in sa namu mana. Na cire sabon, amma na kasa sa namu. Na ce sai an jima, na jefa shi a aljihu, shi kuma bai matsa ba.

Kwana goma ya yi. Muka kalli wasa biyu, ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ni kuwa duk inda muka je hannuna yana aljihu. Ranar komawarsa na raka shi filin jirgi da hantsi. A bakin inda ake tsayar da masu rakiya ya rungume ni, ya ɗauki jaka, ya tsaya yana kallona. Na san abin da yake jira, shi ma ya san na sani. Kalmomi huɗu ne da nake gaya wa ko direban tasi ba tare da na yi tunani ba, ranar sai na kasa furta su. Ni da nake aikin gwaje-gwaje, ni da na san addu'a ba ta kashe kowa. Ya yi murmushi ya ce, "Bar shi kawai, Maigida." Ya juya. Sai da ya yi taku kusan goma na ɗaga murya, har wani ma'aikaci ya waiwayo.

"Yaya! Allah ya kiyaye hanya!"

Ya ɗaga hannu bai juyo ba, ya ce amin.

Na koma Mansura na kasa zama. Ban ci abinci ba, na yi ta zagaye tsakanin taga da ƙofa, babban yatsana yana murza wurin da fuskar ɗan direban take a da. A wunin nan ɗaya na ɗanɗani abin da tsohuwar nan ta shekara talatin tana yi a gaban idona, ina cin masararta ina cewa ba ta son ubana. Har yanzu ban san darasin tatsuniyar ba. Wata rana in ga tana cewa a saki wanda ya tafi, wata rana in ga tana cewa kada a daina jefa ƙugiya. Ban san abin da Janwe ta kamo ba, kuma na fara zaton Iya ma ba ta sani ba, shi ya sa take jiran ladani. Ban ma tabbatar da launin motar Baba ba. Abu ɗaya na daina tambaya, shi ne ko ta sa mini albarka.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara. Yaya Kabiru ne, da hayaniyar Kano a bayansa, yana cewa sun sauka lafiya amma an fasa masa robar turare a jaka. Na ce masa sannu da hanya. Na ajiye wayar, na ɗauko motar daga taga, na fito da direban daga aljihu. Na yi zaton shekaru sun cinye ramukan ƙafarsa. Na danna shi a kan kujerar, ya kama ƙam. Na durƙusa a kan tayil na tura su, suka gangara har bakin ƙofa, bai faɗo ba.